Sauri Ya Haifi Nawa: Batun Ƙaura Zuwa Windows 11

Tun da kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa daga Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, jama'a ke rububin komawa Windows 11. Ba mu ƙi ƙaura ba, gama manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka tamkar gida ce marar ƙyaure. Gaggawar ce muke suka.

Windows 11 tana bukatar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, wadda da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocinmu na gwanjo ba su da ita. Masu gyara kan cusa manhajar ta ɓarauniyar hanya, alhali kamfanin bai lamunce wa irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba. Daga nan sai firinta ta ƙi aiki, ko kwamfuta ta sandare ɗalibi na tsakar rubuta kundinsa. Haka mutane suka sha wuya da Windows Vista a 2007.

Saboda haka muke kira ga hukumomin jami'a da ofisoshi: a kwafe takardu tukuna, a jarraba a kwamfuta guda, a kuma dakata sai an ƙare jarrabawa. Rigakafi dai ya fi magani.