V8 ko V6: Gardamar Ƙosassu a Gaban Mayunwata

Wata gardama ta daɗe tana yawo a zaurukan manya, daga ofisoshin Yamai zuwa ƙofar attajiran Maraɗi: wace kat-kat ce ta dace da babban mutum, mai babban inji ko mai ƙarami? Ana yin ta da fuska a murtuke, sai ka ce shawarar yaƙi ake. Wanda zai saya da gumin goshinsa ba mu da ta cewa a kansa, ko jirgi ya ga dama ya saya. Maganarmu da wanda zai zura hannu cikin baitulmali ce, domin mai kuɗi yana da ikon tambayar inda kuɗinsa suka shiga, kuma mai kuɗin nan shi ne talakka.

A ƙasar nan kalmar «V8» ta tashi daga sunan inji ta koma sunan muƙami. In aka ce wane ya shiga V8, kowa ya san ya samu. Motar da ake nufi ita ce Toyota Land Cruiser samfurin 200, wadda aka ƙera daga 2007 zuwa 2021, mai injin gazuwal na lita 4,5 da silinda takwas. To, ga abin da masu son girma ba su son ji: tun 2021 maƙerinta da kansa ya sallami V8 a wannan motar. Samfurin 300 da ya gaje ta silinda shida gare shi. Na gazuwal ɗin lita 3,3 ne, amma ƙarfinsa ya haura na dawaki 300, ya ɗara tsohon V8, kuma bai kai shi shan mai ba. Turbo na daga cikin sirrin: hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya farfela, ita kuma ta cusa iska mai yawa cikin silinda, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba lokacin da aka buƙata. Ƙasa da wannan akwai Prado mai silinda huɗu, lita 2,8, da ƙarfin dawaki wajen 200. Wane darakta ne aikinsa ya fi ƙarfin dawaki 200?

Masu kare babban inji suna da hujjoji uku, bari mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, ƙarko. Suna cewa babban inji ba ya wahala, ƙarami kuwa ana matsa masa, ga ƙura, ga zafi, ga gurɓataccen mai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, makanikan Damagaram ma za su shaida cewa injin zamani ba ya haƙuri da mummunan gazuwal. Amma da ƙarko ake nema, da an sayi Land Cruiser samfurin 70 mai tsohon injin lita 4,2, wanda ba shi da turbo, ƙarfinsa wajen dawaki 130 kacal. Shi ne ke ɗaukar marasa lafiya, shi ke kai allurar rigakafi ƙauyuka, shi ke ratsa rairayin Tenere. Me ya hana manya shigarsa? Kujerarsa ba ta da laushi, kuma ba a miƙe tsaye in ya tsaya a ƙofar ɗaurin aure.

Ta biyu, hanya. Suna cewa hanyoyinmu sun lalace, ƙaramar mota ba ta iyawa. Wannan hujjar ita ce mafi ban kunya. Wa aka damƙa wa gyaran hanyar? Hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda uraniyom ɗinmu ya yi shekaru yana bi, ta daɗe tana cin tayoyi da rayukan matafiya. Mai V8 yana wucewa bisa ramukan gilashi a rufe, sanyi na busa shi, ko kofin shayinsa bai girgiza ba. Ramin da bai taɓa bayan mai mulki ba, ba ya shiga kasafin kuɗi da wuri. Ashe babban inji bai warkar da hanya ba, kunnen mai hanyar ya toshe.

Ta uku, tsaro. Mota mai sulke tana da nauyi, tana bukatar ƙarfi, mun yarda. Amma mutum nawa ne a ƙasar nan aikinsu ya wajabta sulke? Ba su cika tafin hannu biyu ba. Sauran fa?

Yanzu mu zo ga lissafi. Tankuna biyu na samfurin 200 suna ɗaukar lita 138. A watan Yuli na 2024 aka mayar da litar gazuwal sefa 618. Cika ta sau ɗaya ke nan ya haura jikka 85, alhali mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a farkon 2024 jikka 42 ne. Cikin mota ɗaya, a tsayuwa ɗaya, ya haɗiye albashin lebura na wata biyu. Kada kuma a ce ai muna da mai. Matatar Damagaram da aka buɗe a 2011 ganga 20 000 take iya tacewa a rana, kuma a watan Maris na 2025 kowa ya ga dogayen layuka a gidajen mai, masu kabu-kabu suna kwana bisa baburansu. A ƙauye kuwa, sau da yawa sai dangin mace mai naƙuda sun haɗa kuɗin mai kafin motar asibiti ta tashi.

Wannan cuta ba ta san jam'iyya ba, ba ta san kaki ko babbar riga ba. Taron ƙasa na 1991 ya yi tir da almubazzaranci, aka yi tafi, aka watse, kowace gwamnati ta zo da nata jerin gwanon. A maƙwabta kuwa an taɓa gwada wata hanya: Thomas Sankara, da ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya sayar da Mercedes ɗin gwamnati ya sa ministoci cikin ƴar ƙaramar Renault 5. Ba a ji cewa wani aiki ya tsaya don haka ba.

Abin da muke nema ba shi da wuya. A kafa doka da za ta ƙayyade girman injin motar gwamnati, silinda huɗu ga kowa, sai ƴan kaɗan da za a ambaci muƙamansu a fili. A buga jerin motocin kowace ma'aikata, da farashinsu, da man da suke sha a wata. Rarar da aka samu a zuba ta ga motocin asibiti da cike ramuka. Ƙasar da ke cike giɓin kasafinta da bashi ba ta da hurumin yin ado da silinda takwas, zanen aro ba ya rufe katara. Wanda kuma ya ga girmansa ba ya cika sai da V8, kasuwa a buɗe take: ya sa hannu a aljihunsa.