Wa Ya Ƙyasta Ashanar?

Duk shekara, da iskar hunturu ta kaɗa, sai wuta ta lashe dajin Abare, ta cinye harawa da karan dabbobi, mu kuwa mu ce ƙaddara. Wace ƙaddara? Mun san masu cinna wa ciyawa wuta saboda gafiya guda, ai 'ya'yanmu ne. A 2010, da gubar dalma ta kashe mana yara, likitoci sun zo daga ƙasashen waje. Wannan karon wa muke jira? Mu fito gayya tun kaka, mu share fili kewaye da gonaki da rumbuna, domin ɗanyen reshe ba ya tare wutar da iska ke korawa. Mai gari kuma ya hukunta mai laifi, ko ɗan wa ne.