Ga asirin magani a fili, an rasa mai ɗauka

Shiga kowane kemis a Zugurma ko Kontagora ka juya kwalayen da ke kan kanta. Indiya za ka yi ta gani a rubuce. Ba Indiyawa suka ƙirƙiro yawancin magungunan nan ba, karatun takardun wasu suka iya.

Kamfanin da ya gano sabon magani ana ba shi takardar haƙƙin mallaka ta shekara 20, babu mai haɗa irinsa sai da izininsa. Sharaɗin shi ne ya bayyana yadda ake haɗawa, a rubuce. Da wa'adi ya cika, kowa ya ɗauka. Takardun suna nan jibge a intanet kyauta, a rumbun Patentscope da makamantansa.

Ɗauki tsargiya, wadda ke sa yaran da ke wanka a ruwan Kainji da rafukan ƙauye fitsarin jini, har wasu iyaye suna ɗaukarta alamar balaga. Maganinta praziquantel ne, na kamfanonin Bayer da Merck na Jamus, kuma da farko ya yi wa talaka tsada. A farkon shekarun 1980 kamfanin Shin Poong na Koriya ta Kudu ya nemo wata hanyar haɗa shi mai araha, farashi ya faɗi warwas. Su ko cikar wa'adi ba su jira ba. Mu kuwa, da kamfanin GSK ya tattara komatsansa daga Najeriya a 2023, kuɗin maganinsa na asma, Ventolin, ya yi tashin gwauron zabi, masu asma suka shiga uku, alhali haƙƙin mallakar sinadarin ya daɗe da ƙarewa.

Ina ganin tsangayoyin haɗa magunguna na Zariya, Sakkwato da Kano su ne da wannan aiki. A daina ba ɗalibi binciken da zai ƙare a kabad yana shan ƙura. A ce ya tono takardun maganin tsargiya, hawan jini ko sikila, ya tantance wanda wa'adinsa ya cika, ya gwada haɗawa.

Na san takarda kaɗai ba ta zama ƙwaya. Akwai rajistar NAFDAC, akwai wutar lantarki, sannan ainihin sinadarin ma daga Indiya da Sin masana'antunmu ke sayo shi da dala. Shi ya sa nake sa ido a kan masana'antar sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro da kamfanin Emzor ya ɗauko ginawa a Sagamu. A Arewa wa zai zuba kuɗinsa a irin wannan?