Jakadan Ƙasa Ko Jakadan Gwamnati?

Ɗan aike ba ya fin wanda ya aiko shi. Abin tambaya shi ne wa ya aiko jakada, ƙasa ko mai riƙe da mulkinta a wannan rana. Tarihin aikin Aishatu Bulama Kane, wadda aka haifa a Keita cikin ƙasar Adar a shekarar 1955, ya ɗora wannan tambaya a gaban ƴan Nijar.

Babu mai musun ƙwarewarta. Ta yi karatun tattalin arziki a Faransa, tana kuma cikin matan da suka tsaya tsayin daka a 1991 don a ba mata kujerunsu a Taron Ƙasa, gwagwarmayar da ta sa 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar. Ta riƙe gwamnan Yamai daga 2011 zuwa 2013. A Fabrairun 2015 ta gaji Mohamed Bazoum a ma'aikatar harkokin waje, a Afrilun 2016 kuma ta koma ma'aikatar tsare-tsare. Bayan Bazoum ya hau mulki a 2021, ya naɗa ta jakadiya a Faransa. Ga ilmi, ga sanin makamar aiki, amma hanyar da ta kai ta Paris hanyar jam'iyyar PNDS-Tarayya ce.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnati, ranar 3 ga Agusta kuma suka ba da sanarwar sauke jakadun Nijar a Faransa, Amurka, Nijeriya da Togo. Jakadiyar ta ƙi amincewa, ta ce ita wakiliyar zaɓaɓɓen shugaba ce. A Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, wakilin Nijar Bakary Yaou Sangaré ya bi sabbin mahukunta, har suka ba shi ministan harkokin waje. Sakamakon wannan rabuwa, da aka yi babban taron majalisar a Satumban 2023, ɓangarori biyu suka yi ta jayayya kan kujera ɗaya, Nijar ba ta samu ta yi jawabi ba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma ƙasar ce ta rasa baki a gaban duniya.

Wani zai ce wannan rigimar manya ce, babu ruwan manomin Adar. Ba haka ba ne. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 bayan fari ya cinye ƙasa, ya samu ne ta hanyar yarjejeniya tsakanin Nijar da Italiya tare da hukumar FAO. Matan yankin ne suka ɗauki duwatsu a ka suka tare zaizaya, amma kuɗin aikin sai da aka zauna teburin shawara kafin su zo. Haka kuma duk shekara, da an gama girbi, samarin Tawa da ƙauyukanta kan tafi bida Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya. Idan aka kama ɗayansu, ko takardunsa suka ɓace, ko ya rasu a baƙon wuri, ofishin jakadanci ne uwa da ubansa. Lokacin da CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe iyakar Birnin Ƙonni da Illela, daga Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024, masu albasar Galmi da ƴan kasuwar Tawa ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Duk inda zance ya yanke tsakanin ƙasashe, talaka ne ke biyan bashin.

Saboda haka gyara ya zama wajibi. Da farko, ya kamata doka ta ware mafi yawan kujerun jakadanci ga ma'aikatan da suka taso cikin wannan sana'a, a rage mai da su ladan wahalar jam'iyya ko wurin ajiye wanda ake so a nisantar. Na biyu, duk wanda za a naɗa, ɗan siyasa ne ko ma'aikaci, ya bayyana gaban wakilan jama'a ya faɗi abin da zai yi, a kuma yanka masa wa'adi sananne. Na uku, a ɗaure aikin kula da ƴan ƙasa mazauna waje da doka, yadda ba zai tsaya ba ko da an sauya mai mulki a Yamai.

Waɗannan matakai ba za su hana juyin mulki ba, ba kuma za su raba gardamar halacci ba, domin ko gogaggen ma'aikaci yakan zaɓi ɓangare idan ƙasa ta tsage. Amma za su sa ɗan Adar da ke tsare a Tiripoli ya tarar da mai sauraronsa a ofishin ƙasarsa, ko wane ne ke zaune a fadar shugaban ƙasa.