Fenti Ba Ya Maganin Tsatsa

Sanin kowa ne cewa a-kori-kura ita ce jakin manomi da ɗan kasuwa, musamman ƙirar Peugeot da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Abin takaici, sau da yawa tsatsa kan riga inji kashe ta.

Tsatsa kan samu ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri da takin zamani kuwa su ƙara mata azama. Wanda ya rufe ta da sabon fenti kansa ya yaudara, domin tana nan tana ci ta ƙarƙashi, har ta cim ma ƙarfen da ke ɗauke da kaya da rayukan fasinjoji.

Kamata ya yi a kankare wurin sai farin ƙarfe ya bayyana, a yanke ruɓaɓɓen a yi walda, a shafa jan fentin kariya, sannan na ado. Da damina kuma a riƙa wanke lakar ƙarƙashin mota, a share bodi bayan dakon taki. Kuɗin wanki dai bai kai na walda ba.