Kwana uku kacal yake da su, mu muka cinye masa

Jama'a, yau ba zancen deliget ko tikiti na zo da shi ba. Wanda ya shigo neman habaici ga 'yan adawa ya yi haƙuri, yau da mutanenmu nake.

Ina da shago a Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ake kira kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Kwanakin baya wani yaro cikin yaran layinmu, saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, ya tare ni bayan la'asar. Ya ce, "Alhaji, ina son magana, amma don Allah kada ta wuce nan." Da izininsa nake rubuta wannan, suna kuwa ba mai ji daga bakina. Zuciya ta rinjaye shi, ya kusanci wata mace ba tare da kariya ba, daga baya ya ji ana raɗe-raɗin wai tana ɗauke da kanjamau. Tun ranar barci ya ƙaurace masa. Cizon sauro ma sai ya haska shi da fitilar waya yana dubawa.

Na ce, "Kai, yaushe abin ya faru?" Ya ce, "Yau kwana biyar."

Wallahi sai da na dafe kai. Akwai magani da likitoci ke kira PEP. Wanda yake tsoron ƙwayar HIV ta shiga jikinsa, in ya fara shan sa cikin awa 72, ya sha kullum har kwana 28, yana da kyakkyawar damar tare ta kafin ta samu gindin zama. Gwargwadon saurin farawa, gwargwadon amfaninsa. Bayan kwana uku ƙofa ta rufe. Daga kasuwar nan zuwa asibitin Barau Dikko tafiyar keke ce ta 'yan mintoci. Yaron nan bai taɓa jin sunan maganin ba.

To me ya yi da kwana ukun nasa? Ya je wajen wani mai lasifika a bakin titi, ya sayi jarkar "wankin jini" naira dubu shida. Ya shiga kemis ya haɗa da kafso. Wannan tsohuwar kasuwa ce. A shekarar 2000 Dakta Jeremiah Abalaka ya cika ƙasar nan da cewa ya samo maganin kanjamau. A 2007 Yahya Jammeh, yana shugaban Gambiya, ya ce shi ma yana warkarwa da haɗin ganyayyaki, aka sa marasa lafiya suka ajiye maganin asibiti. Har yau babu jarkar da ta taɓa fitar da ƙwayar nan daga jinin kowa.

Na tambaye shi me ya hana shi zuwa asibiti, ko da bai san PEP ba. Ya ce, "Alhaji, in wani ya gan ni fa?"

Nan ne laifinmu yake, ni da ku. Yaron nan namu ne, yana cikin masu yaɗa rubuce-rubucenmu a Facebook. Me yake karantawa a ƙarƙashinsu? Ɗan adawa ya rame, sai wani cikinmu ya rubuta "kanjamau ce ta kama shi", mutum ɗari su danna dariya. Mace ta soki jagoranmu, a ce mata "tafi can, mai kanjamau". Kuna tsammanin wancan ɗan siyasar kuka jefa? Shi ko a jikinsa, likitansa yana Abuja ko Landan. Dutsen a kan yaronku ya sauka, shi da ke riƙe da waya ƙarfe biyun dare yana lissafin ko ya je asibiti ko kada ya je. Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana nuna wariya ga masu ɗauke da HIV, amma mu da muke cika baki da bin doka mun mai da cutar ashar.

Na san wani ustazun kwament zai ce ina ɗaure wa zina gindi. Haba malam! Zina haramun ce, yaron ya fi ka sani, kukan da yake yi ma ya isa shaida. Tubansa tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Amma maganin nan shi ake ba yarinyar da aka yi wa fyaɗe, shi ake ba nas ɗin da allura ta soke ta a bakin aiki. Kuma yaron nan aure zai yi. Amaryar da za a kai masa, me ta yi?

Ga duk wanda ke cikin irin wannan zulumi yana karantawa a ɓoye: ba a ɗaukar HIV ta musabaha, ko cin abinci kwano ɗaya, ko yawu, ko cizon sauro. Saduwa sau ɗaya ba ta nufin lallai an ɗauka, damar ma ƙarama ce, amma akwai ta. Zazzaɓi da ƙuraje ba sa tabbatar da komai, rashinsu ma haka. Tsoro kaɗai yana hana barci ya sa rama. Gwaji ne ke faɗa. Gwajin tsinin yatsa kan ɗauki har wata uku kafin ya nuna, shi ya sa ake yi yanzu, a maimaita daga baya. In ma ta tabbata, wanda ke shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a Najeriya. Wasunsu suna layinku a kasuwa, suna sahu ɗaya da ku a masallaci.

Sai manyanmu. Maganin da ake rabawa kyauta, kaso mai tsoka da kuɗin Amurka ake sayensa, ta shirin PEPFAR da aka kafa a 2003. A Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, hankalin kowa ya tashi. Alhali tun 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Wancan babban zance ne. Ƙaramin fa? Lokacin kamfen muna da motar lasifika da ke zagaye kasuwar nan sau biyar a rana, muna da wakili a kowace mazaɓa, muna buga fosta har jikin bola. Jimla ɗaya, "kana da awa 72, je asibiti", ta gagare mu, mun bar wa mai jarka filin shi kaɗai. Jihar nan tana da hukumar yaƙi da kanjamau, KADSACA. Wa ya taɓa gayyatar ta taron matasan jam'iyya a mazaɓarsa? Ni ban taɓa ba, kuma ina jin kunyar haka.

Na raka yaron aka yi gwajin farko, bai nuna komai ba. An ce ya dawo idan wata uku sun cika. Yana ƙirga kwanakin da biro a bayan littafin bashi. Yau da safe na ga ya soke ɗaya, saura 41.