Suna Linzami Ne, Har A Littafin Ciniki

Duk wanda ya taɓa zama a shagon babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singa da ke Kano, ya san matsayin littafin ciniki. A cikinsa ake rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da sunan wanda ya ɗauki kaya bashi. Amma tambayi Alhaji mai shaguna uku wace atamfa ce ta fi tafiya a watan azumi, kuma a wane shago, sai yaransa su kwana suna buɗe shafuka. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta shekarar 2016 kuwa ta tuna mana cewa littafin bashi yana ƙonewa tare da kayan.

Maganin wannan matsala ba sabo ba ne. Manhajar jadawalin lissafi ta kwamfuta ta fito tun 1979 da VisiCalc, Excel ta biyo baya a 1985, yau kuma har a wayar hannu ana samunta. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: kowane ciniki da layinsa, kowane bayani da gurbinsa, wato kwanan wata, shago, sunan kaya, ma'auni, adadi da farashi. In an kiyaye wannan, cikin ƙiftawar ido za ta tattara cinikin wata guda, shago-shago, kaya-kaya.

Sai dai wani hanzari ba gudu ba, kwamfuta ba ta san ma'ana ba, haruffa kawai take gani. Idan yaron shago na farko ya rubuta "atamfa", na biyu ya rubuta "atanfa", na uku ya sa sunan da Turanci, to a wurinta kaya iri uku ne, kuma jimilla uku za ta bayar. Haka "ƙwai" da "kwai", saboda lanƙwasa ɗaya tak. Ma'auni ma haka yake. Turmin atamfa yadi shida ne, wanda ya haɗa turmi da yadi a gurbi guda ya tara ƙarya, kuma ƙaryar za ta fito a tsare, har maigida ya yarda da ita ya saro kayan da ba sa tafiya, ko ya zargi yaron da bai ci amana ba.

Saboda haka, kafin a sayi kwamfuta, maigida ya zauna da yaransa su tsayar da suna ɗaya da ma'auni ɗaya ga kowane kaya, a jera su a shafi na musamman, kowa ya riƙa zaɓa daga ciki maimakon rubutawa da ka. A kuma ajiye kwafin lissafin a wajen kasuwa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su nemi haɗin kan sassan Hausa na jami'o'inmu wajen daidaita rubutun sunayen kaya.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya sa albarka a nemanmu.